Gidanmu yana kan taya: yadda muke yada zango daga jiha zuwa jiha a Amurka

Ranar da na gaya wa mahaifiyata cewa mun saki gidan hayarmu na Bronx mun koma cikin mota, shiru ta yi a waya har na ɗauka layin Kumasi ne ya yanke. Can ta ce, "Kai ɗan nan, faɗa mini gaskiya. Korar ku aka yi?" Na rantse mata ba haka ba ne. Ta ce to in ba kora ba ce, mene ne zai sa mai hankali da iyali ya kwana a mota kamar yaron direba? Sai da na kunna bidiyo na zagaya da ita: ga gado, ga murhu, ga firiji, ga ban-ɗaki. Ta ƙare kallo ta ce, "To a ina kuke sallar Juma'a?" A lokacin dariya na yi. Daga baya na gane cewa cikin duk tambayoyin da aka yi mini a kan wannan rayuwa, tata ce mai nauyi.

Ba sha'awar yawon buɗe ido ta fitar da mu ba, lissafi ne. Mai ɗakina ma'aikaciyar jinya ce, ta shiga sahun waɗanda asibitoci ke ɗauka kwangilar mako 13 a duk inda aka rasa ma'aikata. Ta gama nan, ta wuce can. Sai ya zamana muna biyan dala 2,100 duk wata a New York, ita kuma tana kama wani ɗakin a garin da take aiki. 'Ya'yanmu biyu sun girma sun kama gabansu. Ni kuma bayan shekara 19 ina jan tasi, bayana ya fara ba ni labari. A watan Afrilun 2022 muka tattara abin da muka tara muka sayi motar gida, irin wadda Amurkawa ke kira RV, ta hannu, ƙirar 2011, tsawonta mita tara. Muna ɗaura ƙaramar motarmu a bayanta, don in mun sauka uwargida ta sami abin zuwa aiki.

Zango na zamani

Wuraren da irin waɗannan motoci ke sauka, ni zango nake ce musu, don ban ga sunan da ya fi dacewa ba. Kakana fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Hausa, ya yada zango a Kumasi, zangon ya zama gari, mu muka tashi a ciki. To ga jikansa ya koma ayari, sai dai ayarin mutum biyu ne: ni ne madugu, ni ne mai gyara, ni ne kuku.

Zangon iri-iri ne. Akwai na 'yan kasuwa, inda kowace mota ke da filinta da famfo da soket ɗin wuta da bakin magudanar ƙazanta. In za ka biya dare-dare akwai tsada, shi ya sa muke kamawa da wata. Mun biya dala 650 a wani wuri, mun biya 900 a wani, ban da kuɗin wuta da ake karanta mita. Akwai na gwamnatin jiha da na tarayya a gandun daji da bakin tafki, sun fi kyau da sauƙi, amma galibi ba a wuce kwana 14, kuma da yawa daga na tarayya ana buɗe rajistarsu ta intanet tun wata shida kafin ranar. In ka yi sanya, wani ya riga ka. Sai kuma kwanan hanya, a filin ajiye motoci na wasu rassan Walmart da suka yarda, bayan ka shiga ka nemi izinin manaja.

Darasinmu na farko ya zo da zafi. Mun yi tuƙin kusan awa bakwai zuwa wani zango da muka yi magana da su ta waya, matar ofis ta leƙo ta kalli motar ta tambayi shekararta. Da na ce 2011, ta ce ba sa karɓar wadda ta wuce shekara goma. Ashe doka ce da zanguna masu zaman kansu da dama ke bi. Na ce, "Madam, duba fa, motar nan tsaf take." Ta ce doka doka ce. Ko shekarar motar ce kaɗai ta dame ta, ko har da hulata da mayafin uwargida, Allah ne masani. Daren nan a gefen gidan mai muka kwana tsakanin tireloli, gobe kuma tana da aikin safe. Tun daga ranar, kafin mu tashi sai na tura hoton motar na karɓi amincewa a rubuce.

Ruwa, wuta da tankin da ba a so a ambata

Wanda ke zaune a gida ba ya tambayar ina ruwan da ya wanke hannu ya tafi. Mu dole ne. Tanki uku ne a ƙarƙashinmu: na ruwan sha mai ɗaukar lita 150, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na ban-ɗaki. Wanka a nan jiƙa jiki ne, ka kashe famfo, ka saɓa sabulu, ka ɗauraye. Alwala da buta muke yi, kuma na gano rabin buta ya ishe ni, abin da Malam ya yi ta faɗa mana tun muna makarantar allo ba mu ji ba.

Zubar da tankin ban-ɗaki aikina ne duk bayan kwana biyar ko shida. Ka sa safar hannu, ka haɗa tiyo, ka fara sakin na ƙazanta, sannan ka bi da na ruwan wanka don ya wanke tiyon. Sabon shiga yakan bar bakin tankin a buɗe tunda yana haɗe da magudana, ruwa ya tsiyaye, sauran ya daskare a ciki. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya. Ba zan ba ku labarin yadda aka gyara ba, wataƙila wani na cin abinci.

Wutar motarmu amfiya 30 ce, wato wat 3,600 ke nan gaba ɗaya. In na'urar sanyaya ɗaki na aiki, ka kunna tukunyar dafa ruwa, uwargida ta sa abin ɗumama abinci, sai ɗif. Mu da muka sha dumsor a Ghana ba baƙon abu ba ne, bambancin kawai a nan kai ne ka jawo wa kanka, kai ne kuma za ka fita da tocila ka tayar. Mai kuwa, lita ɗaya ba ta kai mu kilomita huɗu, don haka duk wanda ya ce maka kullum muna bisa hanya muna kallon duwatsu, fim ya kalla. Wata uku muke yi a wuri ɗaya, mu yi tafiyar kwana biyu ko uku, mu sake zama.

Har adireshi sai da muka nema, domin banki da inshora da lasin tuƙi duk suna son a ce ga inda kake. Yawancin masu wannan rayuwa Texas ko Florida ko South Dakota suke zaɓa, saboda ba sa karɓar harajin albashi na jiha. Mu Texas muka ɗauka, wani kamfani a garin Livingston ke karɓar wasiƙunmu ya turo mana. Ga kuma wata riba: lasin jinya na Texas yana aiki a Arizona da jihohi da yawa da ke cikin yarjejeniya ɗaya.

Daren da bututu ya fashe

Ana saura kwana uku Kirsimetin 2022 muna arewacin Texas, sanyi ya sauko irin wanda ban zata ba a jihar. Ma'auni ya yi ƙasa da sifiri da fiye da digiri goma. Uwargida na aikin dare. Da asuba na buɗe famfo, ko ɗigo. Tiyon waje ya zama sanda, wani bututu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya tsage, ga iskar gas ɗin da ke ɗumama mu ta kusa ƙarewa.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne Bature, tsohon mai aikin famfo, shi kaɗai da karensa a wata tsohuwar tirela. Kafin ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma na lura yana tsura mini ido in na shimfiɗa darduma a waje. Shi ne ya fito cikin sanyin nan da akwatin kayan aikinsa, ya kwanta a ƙasan motata ya yanke wurin da ya fashe ya sa sabo, ya ara mini tukunyar gas. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi. Da yamma na kai masa waakye da shito. Ya ci yana hawaye saboda barkono, ya ce a ƙara. A nan ya tambaye ni me ya sa nake fuskantar kusurwa ɗaya kullum. Na ce Makka nake fuskanta, daga Amurka kuma arewa maso gabas take. Ya ce shi da ya ɗauka tauraron ɗan'adam nake nema wa talabijin.

Mutanen zango haka suke. Akasari tsofaffi ne farare, wasu fansho suke ci suna yawo don jin daɗi, wasu kuwa haya ce ta fi ƙarfinsu, irin waɗanda fim ɗin Nomadland ya nuna. Sau da yawa mu kaɗai ne baƙaƙe, mu kaɗai ne Musulmi. Akwai mai kau da kai in ka gaishe shi. Amma in tayarka ta yi faci, kafin ka buɗe baki mutum uku sun taso.

Kabarin Haji Ali

A Janairun 2023, tsakanin kwangila da kwangila, muka je Quartzsite a hamadar Arizona. Mazauna garin ba su kai 3,000 ba, amma da hunturu motocin gida ke cika dajin har iya ganinka. Filin gwamnatin tarayya ne, a shekarar dala 40 aka karɓa na kwana 14, ko 180 na tsawon lokacin daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Ba soket, ba famfo a ƙofarka. Faifan sola a rufi, ruwa kuma ka je ka bi layi kamar a Aboabo lokacin da famfo ya ɗauke.

A maƙabartar garin akwai wani ɗan gini mai siffar dala da raƙumi a samansa. Kabarin Haji Ali ne, wanda Amurkawa suka kasa faɗin sunansa suka ce Hi Jolly. Sojojin Amurka ne suka kawo shi daga yankin Daular Usmaniyya a shekarun 1850 don ya kula musu da raƙuman da suke gwada sufuri da su a hamada. Aikin ya watse, shi ya zauna, ya rasu a nan a 1902. Masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto suna dariya. Ni kuwa na tsaya na yi masa addu'a, tambaya ɗaya na yawo a kaina: wa ya yi masa wanka, wa ya sallace shi?

A makon ne aka sami wani mutum a motarsa, ba nisa da mu, kwana biyu da cikawa ba wanda ya sani. Haushin karensa ne ya sa aka leƙa. Daren nan uwargida ta ce, "Alhaji, in ɗayanmu ya faɗi a irin wannan wuri fa?" Ban da amsa. Masallacin da muka sani mafi kusa yana Yuma, kimanin kilomita 130. Juma'a biyu na yi ina wannan tuƙi, zuwa da dawowa, don huɗubar minti ashirin da musabaha da mutanen da ban sani ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin musabaha kamar a lokacin ba.

Azumin shekarar ya same mu a kudancin Arizona. Dokar zango ba a hayaniya ko tada janareta daga ƙarfe goma na dare zuwa safe, sahur a hankali muke yi kamar ɓarayi. Buɗa baki mu biyu, da dabinon da ake nomawa a yankin Yuma, mai daɗi ƙwarai. Amma wanda ya saba da koko da ƙosai na zagaya gida-gida a zango, ya san dabino ba ya maye gurbin jama'a.

Abin da muka tsayar

Na kira wani malaminmu a Bronx na tambaye shi hukuncin ƙasaru ga wanda gidansa ke tafiya da shi. Ya ce in tafiyar ta kai kimanin kilomita 80 ka yi ƙasaru a hanya, in ka sauka da niyyar kwana huɗu ka cika sallarka. Sannan ya ƙara da abin da ban tambaya ba: "Alhaji, kar ka bari mutanen masallaci su rasa sanin fuskarka."

Yanzu in kwangila ta fito, kafin mu duba albashi taswira muke buɗewa. In babu masallacin Juma'a cikin tafiyar awa ɗaya, mun bar ta, ko da kuɗinta sun fi. Mun bar guda biyu a kan haka, ɗaya har yau in na tuna kuɗin sai na yi tsaki. Juma'ar farko a kowane gari nakan gabatar da kaina ga liman, in gaya masa zangon da muke da lambar filinmu. A jikin firiji akwai kati da Turanci: mu Musulmi ne, kar a ƙona gawa, ga lambar masallaci, ga ta 'ya'yanmu. Duk inda muka koma sai na canja lambar masallacin. Naman halal a manyan birane muke saye, Dallas ko Phoenix, daidai abin da ɗan firijinmu zai ɗauka. Kuka da daddawa da garin tuwo kuwa suna da durowarsu da ba a taɓawa.

Ga ɗan'uwan da ke can yana sha'awar abin, ga shawarata: ka yi hayar motar ka zauna mako biyu, a cikin sanyi ba a lokacin daɗi ba. Ka ware kuɗin gyara, don gidan da ke girgiza a kan titi kullum da abin da zai kwance. Kuma in kai da iyalinka ba ku iya faɗa ku shirya a ɗaki ɗaya, kar ka fara, domin a nan ba inda za ka yi fushi ka tafi.

Abin da muke ragewa na haya yana tafiya Kumasi, ginin da muka fara tun 2015 ya kai linta. Ranar Lahadin da ta wuce na tura wa Mma hotonsa. Ta sa albarka, sannan ta ce, "Wannan dai ba ku sa masa taya ba ko?" Na ce a'a. Ta ce to a gaggauta rufi kafin damina.