Wa Muka Bar Wa Rabin Aji?

 Yau ina so mu leƙa wani aji wanda kowa yake wucewa ta ƙofarsa ba ya tsayawa, watau ajin nan na 'yan shekara huɗu da biyar da muke kira rabin aji.

A shekarar da na fara aikin koyarwa, a wata makarantar ƙauye da ba sai na faɗi sunanta ba, hedimasta ya tara mu ya raba azuzuwa. Malamin da ya fi kowa daɗewa aka ba shi aji shida, don su ne masu jarrabawa. Aka bi da sauran har aka zo kaina, ni baƙuwa, sai ya ce, "Malama, ke ki riƙe mana ƙananan nan, ai ba wani aiki ba ne, ki dai hana su kuka." Na shiga na tarar da ɗaki cike, duk suna zaune a ƙasa. Na ɗauki alli na cika allo da baƙaƙe, na ce su maimaita. Kafin a tashi tara wasu sun yi barci, wasu suna kokawa, wata yarinya kuma ta yi fitsari a zaune don tana tsoron ta nemi izni. Na daka mata tsawa a gaban 'yan'uwanta. Kashegari ba ta zo ba. Bayan mako biyu na hange ta ranar kasuwa tana bin yayarta da farantin talla, kuma har na bar makarantar nan ba ta sake taka ƙofar aji ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Laifina ne, ban musa ba. Amma fa takardar malantar da ke hannuna an koya mini shirya darasi ne da gyaran littafin yaro mai iya rubutu. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake zama da ɗan shekara biyar. Shi ma hedimastan ba wanda ya nuna masa.

Wannan ciwo ya daɗe. Lokacin da aka fara shirin ilmin firamare kyauta na UPE a watan Satumba na 1976, yara suka fito fiye da yadda gwamnati ta yi tsammani, aka shiga horad da malamai cikin gaggawa don su sami takardar malanta mai daraja ta biyu. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Duk hankali yana kan aji ɗaya zuwa shida. Makarantun nazare kuwa aka bar wa masu zaman kansu, sai 'ya'yan ma'aikata a birane. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin. Daga baya tsarin ilmi na ƙasa na 2013 ya ce kowane yaro ya yi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, kuma kada malami guda ya riƙe fiye da yara 25. To, ɗaki dai ana iya gina shi cikin wata uku. Malamar fa?

Kada wata ta ce ai kowace uwa ta iya raino. Gaskiya ne, amma rainon naki biyu daban, riƙon na mutane ashirin da biyar daban. Malamar da ta sami horo ta san ƙaramin yaro ba ya jure zama wuri ɗaya, don haka takan gutsuttsura ranar: yanzu waƙa, an jima tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sannan a fita waje. Ba ta fara ba yaro fensir. Sai ya yi ta zane da yatsa a kan rairayi, ya gina tukunya da laka, hannunsa ya yi laushi tukuna. Lissafi kuwa da tsakuwa ne da marafan kwalba da ƙwallon goruba da karan dawa, abin da ba a saya da ko kwabo. In kin leƙa kin ga suna ta wasa, kada ki ce ba a karatu. Karatun ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne idon da horo yake ba ta. Ita ce za ta lura wancan yaron da ake cewa mai taurin kai ne, ashe kunnensa ne ba ya ji sosai. Ita za ta gane wadda ke matsowa jikin allo idonta ne da matsala, ta kuma bambanta yaro mai ƙiwa da wanda ya fito gida bai karya ba. A garuruwanmu na bakin iyaka irin su Lafani, inda za ki sami ɗan Fulani ko ɗan Buzaye wanda Hausar ma bai gama kamawa ba, in malama ba ta san yadda za ta jawo shi a jiki ba, shiru zai yi har shekara ta ƙare a ce daƙiƙi ne.

Shi ma hedimasta yana bukatar kos, shi da masu duba makarantu na ƙaramar hukuma. In bai fahimci aikin ba, shi ne zai ba ƙananan ɗakin da rufinsa ya yaye, ya kwashe malamarsu duk ranar da wani aji ya rasa malami, ko ya leƙo ya ce me ya sa allo ba rubutu.

To, ina za mu samo waɗannan malamai? Malamar da aka turo daga birni, kafin ta saba da gari ta fara neman canji. 'Yar gari ita ke zama. Ƙannena, an keɓe fannin kula da ƙananan yara da koyar da su a cikin kos ɗin NCE na kwalejojin ilmi, shekara uku ne. In kin gama sakandare kina neman abin da za ki karanta, ki tambayi wannan fanni da sunansa, kuma tun yanzu ki riƙe Ingilishi da Lissafi da kyau. An taɓa gwada irin wannan: daga 2008 wani shiri na UNICEF da gwamnatocin Sakkwato da Katsina da Bauchi da Neja ya ɗauki nauyin matan karkara suka yi NCE, bisa sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar, kuma akwai matan aure a cikinsu.

In maigida ko Baba ya yi ɗari-ɗari, a tuna masa cikin ladabi cewa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ai malamai mata ta horar. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta karantar da ita, ita kuma ta koma ƙauye ta karantar da 'yan'uwanta. Ba ta aika kowa ba sai da ta koya mata.

Ku kuma iyaye, in an koma hutu kada ki tura yaro da yayarsa ki zauna. Ki nemi izni ki raka shi da kanki, ko ku haɗu ku uku ku je. Ku gai da hedimasta, ku roƙa a nuna muku ɗakin rabin aji, ku ƙirga yaran da ke ciki, ku ga ko akwai tabarma da randar ruwa da wurin kewayawa kusa. Sannan ku tambaye shi wace ce malamarsu, kuma wane kos ta yi. In amsar ba ta gamsar da ku ba, akwai kwamitin kula da makaranta, kuma da kujerar mata a cikinsa.