HUNTURU A BUNGUDU: A GYARA HANNU KAFIN A BA SHI ALƘALAMI

Duk wanda ya taɓa kwana a Bungudu cikin watan Janairu ya san abin da a ke kira ɗari. Tun da asuba iska ta kan taso daga arewa maso gabas, hazo ya lulluɓe gulbi, har mai bin hanyar Gusau ba ya hangen abin da ke gabansa sai ya matso. Masana sun ce yawancin ƙurar nan daga wani kwari ta ke tasowa a ƙasar Cadi, sunansa Bodele. To, cikin wannan sanyi ne yara 'yan shekara biyar su ke fitowa zuwa makaranta, kowa ya cusa hannuwa a hammata. Da sun zauna sai a miƙa musu fensir, a ce su rubuta. A kan wannan mu ke so mu ja hankalin malaman makaranta da ma'aikatan hukuma, gama abin da a ke gani ƙarami ne, amma shi ne tushen rubutun yaro har girmansa.

YADDA HANNU YA KE ƘOSAWA

Hannun ɗan Adam ƙasusuwa 27 gare shi, 8 daga ciki a wuyan hannu su ke. Sa'ad da aka haifi jariri waɗannan 8 guringuntsi ne kawai, a hankali su ke ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu kuwa sai yaro ya kai wajen shekara goma. Haka kuma iya sarrafa gaɓoɓi daga kafaɗa ya ke gangarowa zuwa gwiwar hannu, sa'an nan wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Jariri da dunƙulen hannu ya ke damƙar abu. In ya kusa shekara sai ya fara tsintar ƙwayar hatsi da babban yatsa da manuni. Riƙon alƙalami da yatsu uku kuwa, irin na magatakarda, ba ya zauna wa yawancin yara sai tsakanin shekara huɗu da shida.

Ga wannan rauni na ƙuruciya, hunturu kuma ya zo ya ƙara nasa. Sanyi ya kan sa yatsu su sandare, ko babban akawu ya san yadda sa hannu ya ke wuya da sassafe. Iska ta busar da fata, kaushi ya fito, wani yaron ma har gaɓoɓin yatsunsa su tsage. In aka tilasta wa irin wannan hannu rubutu, sai yaro ya damƙe fensir kamar mai riƙe da wuƙa, ya danna har takarda ta huje, kafin ya cika layi biyu ya gaji. Daga nan sai tsawa, wani lokaci har da bulala, a ce daƙiƙi ne. Alhali kuwa kansa lafiya lau, hannunsa ne bai ƙosa ba. Yaron da ya fara sanin rubutu ta hanyar azaba, da wuya ya so shi daga baya.

ABIN DA AKA DAƊE DA SANI

Wannan magana ba sabuwa ba ce. A shekarar 1840 wani malami Bajamushe, Friedrich Froebel, ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna da ke nufin lambun yara, ya kuwa sa su naɗe takarda, da saƙa, da ginin yumɓu. A 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a birnin Rum, inda su ke koyon ɓalla maɓalli da shafa haruffa da yatsa tun ba su riƙe alƙalami ba. A nan Nijeriya, a Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a 1999, dokarsa ta 2004 ta haɗa da rainon ƙananan yara, manufar ilmi ta ƙasa ta 2013 kuma ta sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya.

Sai dai littattafan da a ke kawowa daga Turai da Amurka, in sun zo kan lokacin sanyi, aikinsu duka na dusar ƙanƙara ne, abin da ɗan Bungudu bai taɓa gani ba. Dabarar da ke ciki ita ce abin ɗauka, watau a ba yaro aikin hannu da abin da lokacin ya kawo ƙofar gidansu. Mu kuwa hunturu bayan kaka ya ke zuwa, sa'ad da kara ya cika gonaki, auduga ta fashe, gyaɗa ta shiga buhu. Albarkar auduga da gyaɗan nan ce ta haɓaka kasuwar Gusau bayan da jirgin ƙasa ya iso. Iyayenmu mata da su ke sa yarinya ɓarar gyaɗa, su bar ta ta yi carafke da ƙawayenta, horon yatsu su ke yi mata, ko da ya ke ba su kira shi darasi ba.

AYYUKAN DA ZA A YI A AJI

Na farko, kada a fara da fensir. Yara su zauna inda hantsi ya ke bugawa, su murza tafin hannu, su yi tafi, su dunƙule su buɗe sau goma. A shafa wa mai kaushi ɗan man kaɗe. Kowane yaro kuma ya ɓalla maɓallin rigar sanyinsa da kansa, ko da zai ɗauki lokaci, gama wannan ma darasi ne.

Na biyu, karan dawa. Malami ya fere ɓawon, ya yayyanka totuwar gutsi-gutsi, yara su riƙa soka wannan cikin wancan su ƙera mota, ko gado, ko tabarau. Soka tsinke a daidai wurin da a ke so ya kan koya wa ido da hannu su yi aiki tare.

Na uku, auduga. A ba kowane yaro ɗan ƙulli ya cire angurya da yatsu, sa'an nan ya murza zare a kan cinya. Yatsu ukun da su ke tsame angurya su ne dai za su riƙe alƙalami gobe. Haka ɓarar gyaɗa, da ware wake fari daga ja a kan faifai, a kuma haɗa da ƙidaya.

Na huɗu, yumɓu. Cuɗa shi ya kan ƙarfafa tafin hannu da wuyan hannu. Su mulmula shi dogo kamar igiya, su lanƙwasa ya zama harafi, ko su gina 'yar tukunya da murhu. Iskar hunturu za ta busar da shi nan da nan, yaro ya kai wa uwarsa ta gani.

Na biyar, kaba. A jiƙa ta, a fara da tufka mai ƙafa biyu, wanda ya iya ya wuce zuwa kitso mai uku.

Na ƙarshe, ƙurar nan da mu ke kuka da ita. A baza rairayi mai laushi a kan tire ko a ƙasa, yaro ya zana da yatsa: layi tsaye, layi kwance, da'ira, sa'an nan harafi babba. In ya ɓata sai ya shafe, ba asarar takarda, ba jin kunya. Daga rairayi a koma alli, daga alli a koma fensir, shi ma gajere mai kauri ya fi dacewa da ƙaramin hannu. Yawancin yaranmu su na zuwa makarantar allo, su na kuma zuwa ta boko. Hannun da aka hora ta wannan hanya zai yi wa duka biyun amfani, ko daga dama za a fara rubutu ko daga hagun.

A YI HATTARA

Ɓawon kara ya na da kaifi, saboda haka wuƙa da reza a hannun malami kaɗai za su zauna. Gyaɗa da angurya kuma yaro ya kan tura su hanci ko kunne, ko ya shaƙe da su, don haka a ƙidaya abin da aka raba, kada kuma a ba 'yan ƙasa da shekara huɗu. Abu mafi girma shi ne wurin da za a ɗebo yumɓu da rairayi. Ba mu manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kada a kusanci ƙasar wurin da a ke niƙa dutsen ma'adini ko wanke shi. Bayan kowane aiki kuma a wanke hannu da sabulu.

KIRA GA MA'AIKATA

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kyawun rubutu ya na cikin abin da a ke auna malamin ofis da shi. Yau na'ura ta karɓi rabin aikin, amma har yanzu da hannu yaro ya ke rubuta jarrabawa, da hannu kuma tela da maƙeri da likita su ke cin abinci. Abin da ajin share fage ya ke bukata daga ofis kaɗan ne: murfin taga da zai tare iska, tabarma don kada yara su zauna a kan siminti mai sanyi, randar ruwa, da sabulu. Mai duba makarantu kuma in ya tarar da aji cike da kara da yumɓu, kada ya rubuta cewa malami wasa ya ke yi. Ya dubi yadda yaran su ke riƙe alli, nan zai ga aikin.

Muna roƙon malaman Bungudu, da na Nahuce da Kwatarkwashi, har zuwa Gusau da Tsafe, su gwada wannan rabin sa'a kowace safiya daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, sa'an nan su gwama rubutun yaransu da na bara. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana yaran nan, ya sa albarka a hannuwansu, amin.