SILIFA: SAUƘIN SAKAWA DA HAƊARIN DA KE TATTARE DA SHI

Da wuya a sami gidan da babu silifa a ƙasar nan. Ga araha, ga sauƙin cirewa lokacin alwala. To, amma fa takalmi ne wanda ba ya kama dunduniya, yatsu kaɗai ke riƙe da shi, kuma a nan matsalarsa take.

Babban haɗarin yana wajen tuƙi. Ma'aikacin da ya shiga mota da silifa yana iya neman birki takalmin ya zame, ko ya maƙale ƙarƙashin abin takawa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda, watau kafin ya gyara ƙafa aikin gama ya gama. Mai babur kuwa, yatsunsa ne ke fara haɗuwa da kwalta.

A makewayin ɗakunan kwanan ɗalibai, silifan da ƙasansa ya cinye ba ya riƙe siminti mai ruwan sabulu. Ƙusa ma ba ta shan wahalar huda shi, ga kuma tsoron ciwon sarƙe-haƙora. Masu ciwon sukari su suka fi cancantar gargaɗi, domin ƙafarsu kan daina jin zafi, sai rauni ya yi kwanaki ba su lura ba.

Shiga gona da shi da damina ganganci ne. Yawancin sarar kububuwa, irin wadda ake jinyarta a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe, a ƙafa take sauka.