An kama mai laifi, mai shaida ya kasa barci

A gari irin Jajaye, cikin ƙaramar hukumar Rogo, wurin aiki da gida ba su rabu ba. Wanda kuke tsaron sito ɗaya da shi, ko kuke koyarwa a firamare ɗaya, wataƙila tare kuka yi makarantar allo, ƙanwarsa tana auren ɗan baffanka, da asuba kuma kafaɗarku tana gugar juna a sahu. Haka abin yake a Zarewa da Fulatan da Beli, haka yake a cikin garin Karaye. Shi ya sa idan hannun wani ya zarme a wurin aiki, wanda ya gani yakan shiga tashin hankalin da ya kusa kai na mai laifin, in kuma ya buɗe baki ya faɗa, sai wani sabon nauyi ya hau kansa.

Ɗauki misalin mai shagon taki da maganin feshi da ke da yara biyu. Damina ta faɗi, ciniki ya buɗe. Sai manoma suka fara dawowa da ƙorafin cewa buhu ba ya kai inda ya saba kaiwa a gona. Ɗaya daga cikin yaran ya lura da bakin wasu buhuna: ɗinkin kamfani na keke ne, a jere yake, wannan kuwa na basilla ne, zaren ma ya bambanta. Ya ɗora buhu a sikeli, ya ga bai cika kilo 50 ba. Ya gane ana zare tiya guda daga kowane buhu a mayar da ɗinki, ya kuma san wanda ke kwana da mukulli. Ya yi kwanaki yana juya abin a ransa, har ranar da maigida ya zaunar da shi ya ce, "Tsakaninka da Allah, ba ka san komai ba?" Ya faɗa. Aka kori abokin aikinsa, magana ta je gaban mai unguwa, dangi suka sayar da tumaki aka biya.

Daga nan ne nasa ya fara. Matar wanda aka kora ta daina shiga gidansu. A majalisa, da ya iso sai hira ta mutu. Wani ya ce masa, "Kuɗin ubanka ne?" Wani ya ce, "Ka raba bawan Allah da hanyar abincinsa, sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha." Duk waɗannan zai iya jurewa. Abin da ke hana shi barci shi ne 'ya'yan mutumin, waɗanda ba su san abin da ya faru ba, su durƙusa su gaishe shi a hanya kamar yadda suka saba. Masu iya magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a irin wannan lamari gari kan taya zomon fushi.

Ni ban ɗauki wannan ciwon rai a matsayin rauni ba. Mutumin da zai ga asirin maƙwabcinsa ya tonu ta hannunsa, ya kwanta ya yi minshari, shi ne abin tsoro. Amma tausayi daban, laifi daban, kuma mutanenmu da yawa suna haɗa su wuri ɗaya har su yanke wa kansu hukuncin da ba nasu ba.

Abin ba yau ya fara ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin Safwanu ɗan Umayya, wanda ya kwanta a masallacin Madina ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare. Safwanu ya kama shi ya kai gaban Manzon Allah (SAW), aka yanke hukuncin haddi. Nan take Safwanu ya karaya, ya ce shi ba haka ya nufa ba, ya bar wa mutumin mayafin sadaka. Aka nuna masa cewa lokacin yafiya shi ne kafin a kawo maganar gaban hukuma. Sahabi ne guda, ya ji abin da yaron shagon nan yake ji, kuma ba a ce ya yi zunubi don ya kai ƙara ba.

Sai dai akwai bambanci babba a tsakaninsu. Mayafin na Safwanu ne, da ya ga dama tun farko da ya yafe, babu mai tuhumarsa. Takin nan kuwa ba na yaron shago ba ne. Na maigida ne, bayan an sayar kuma na manomin da ya sayar da akuyarsa ko ya ci bashi ya saya, ya zuba a masara yana zaton buhu cikakke ya zuba. Idan maganin asibitin karkara ne ake fitarwa ta bayan fage, na matar da za ta zo da yaro jikinsa zafi rau a ce mata babu ne. Ba ka da ikon yafe abin da ba naka ba. Wanda ya yi shiru a nan, kyauta ya yi da haƙƙin wasu, kuma waɗannan wasun ba sa zuwa majalisa su zauna kusa da shi, shi ya sa ba ya jin kukansu. Iyalin mai laifi kullum yana ganinsu. Manoman da aka tauye wa buhu sun warwatsu a ƙauyuka, ba su ma san an cuce su ba.

Za a ce ina rufin asiri da addini ya kwaɗaitar? Yana nan daram. Wanda ya yi tuntuɓe tsakaninsa da Ubangijinsa, ko ya yi kuskure sau ɗaya ya dawo da kaya, a rufa masa. Amma ɓarnar da ke ci gaba a kan dukiyar mutane, malamai ba su sa ta a wannan babi ba. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, cikinsu akwai kai ƙara ga mai ikon gyara, da gargaɗin jama'a daga cutarwa. Ƙarshen Suratul Baƙara kuma ya hana ɓoye shaida, ya jingina zunubin hakan ga zuciyar mai ɓoyewa. Annamimi yana ɗaukar magana ne don ya haɗa mutane faɗa. Wanda mai kaya ya tambaya ya faɗi abin da idonsa ya gani, shaida ya bayar.

Akwai kuma abin da masu cewa a yi shiru ba sa lissafawa: kayan da suka ɓace sai an nemo wanda za a ɗora wa. Malaman tafsiri sun kawo cewa ayoyin Suratun Nisa'i, daga ta 105, sun sauka ne kan wani mutum daga Banu Ubairiƙ da ya saci sulke, danginsa suka taru suna kare shi, aka nemi jefa laifin kan wanda bai ji ba bai gani ba. A shago ko ofis ma haka take kasancewa. In babba ya ci, zargi kan gangaro kan maigadi, ko masinja, ko almajirin da ke share wurin, wanda ba shi da mai tsaya masa. Sau da yawa wanda ya faɗi gaskiya wani marar gata ya ceta, ko da bai san shi ba.

Wannan bai wanke masu gida ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Muwaɗɗa ɗin dai akwai labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Sayyidina Umar ya fahimci yunwa ake bar su da ita, sai ya juya kan ubangidansu, ya sa shi biyan dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Gwamnatin Kano ta sanar da Naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, amma yaron shago da ɗan sa-kai a asibiti da malamin makarantar kuɗi ta ƙauye ba su san da wannan lissafi ba. Mai shagon da zai damƙa wa yaro mukullin kayan miliyoyi, ba albashi tsayayye, ba ƙidaya sai ƙarshen damina, ya ajiye tarko ne. Da ana ƙirga kaya duk mako a rubuta a littafi, da ba a kai ga tilasta wa yaro ya zaɓi tsakanin amana da zumunci ba.

Abin da ke faruwa a sama ma bai ƙarfafa wa na ƙasa gwiwa ba. A nan maƙwabta, ɗan majalisar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, ya zargi shugabannin Majalisar Wakilai da cushe a kasafin kuɗi a 2016, majalisar ta dakatar da shi na zama 180 a watan Satumbar shekarar. Kafin nan, a Fabrairun 2014, an dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga shugabancin Babban Bankin Najeriya bayan ya yi maganar dala biliyan 20 na man fetur da ya ce ba su shiga asusun gwamnati ba. Kowa da ra'ayinsa kan waɗannan rigingimu, amma darasin da talaka ya ɗauka guda ne: wanda ya yi magana shi ke fara barin kujera. A Disambar 2016 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin ba masu kwarmata bayanai ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Shekara shida bayan haka ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta yarda cewa tsarin ya yi sanyi, saboda mutane suna tsoron abin da zai same su. Kano tana da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci tata, to amma babu hukumar da za ta zo Jajaye ta sa maƙwabcinka ya amsa maka sallama.

To me mai shaida zai yi da abin da ke cin ransa? Ya fara da binciken kansa, da gaske. Abin da ya gani ya faɗa, ko ya ƙara gishiri? Wurin mai kaya ya kai, ko a teburin mai shayi ya baza? Akwai tsohuwar gaba a ransa da ta sami hanya? In ya sami wani abu a nan, shi zai gyara, ya je ya nemi gafara a kan wannan kaɗai. In bai samu ba, kada ya nemi afuwar gaskiyar da ya faɗa, kada kuma ya janye ta don a daina hararsa.

Tausayin nan yana da inda zai yi amfani. Malaman fiƙihu sun bambanta sata da ha'incin wanda aka ba amana, suka bar na biyun ga ta'aziri da biyan abin da aka ci, don haka ƙofar sulhu a buɗe take. Mai shaida yana iya zama na farko da zai roƙi maigida a tsaya a kan biya, a bi a hankali, kada a kai mutum ga 'yan sanda in ya amsa laifinsa. Yana iya kulle bakinsa daga ranar, ko matarsa kada ya sake ba labarin. Yana iya aika kwanon masara gidan ta hannun wani ba tare da an san daga ina ya fito ba. In an yi rasuwa ko suna a gidan ya je, ko da za a kau da kai. Wanda aka kora kuma bai tashi daga ɗan gari ba, a bar shi ya kama wata sana'a ba tare da ana nuna shi da baki ba.

Kirana ga limamai da masu unguwanni da dagatai na ƙasar Karaye da Rogo: idan irin wannan magana ta zo gabanku, bayan kun gama da mai kaya da mai laifi, ku kira wanda ya ba da shaida. Ku faɗa a gaban dangin ɓangarorin biyu cewa tambayarsa aka yi ya amsa, kuma duk wanda ya ƙaurace masa ko ya kira shi munafuki, ku zai ba amsa. Ku yi wannan a zama ɗaya da sulhun, kafin kowa ya tashi.