Irin Shuka da Jarin Ɗan Tireda

Manomi ba ya lissafin irin shukarsa da naira. Idan ka tambaye shi, cewa zai yi gonar bayan gari kwano kaza take ci, ta tudu kwano kaza. Tun ranar da aka shigo da damman gero gida, kafin a kai ga sussuka, yakan zauna ya tsince zangarniyun da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye inda ɓera da kaji ba za su kai ba. Wake kuwa a cuɗe shi da toka a toshe a tulu. Daga ranar nan wannan hatsi ya fita daga lissafin tuwo. Gero ya yi tsada ko ya yi araha, gonar dai kwanukan da ta saba ci su za ta ci ranar da ruwan shuka ya sauka.

Shago ma yana da abin da yake ci. Na ɗan tireda yakan ci katan kaza na taliya, buhu kaza na sukari da fulawa, jarka kaza ta man girki. Tiren mai awon shinkafa a cikin gida buhu guda yake ci, ko rabi. Waɗannan kayan su ne jari. Amma mun saba da faɗinsa da kuɗi: "Jarina dubu ɗari biyar ne." Lokacin da farashi ke tafiyar hawainiya wannan magana ba ta cutar da kowa, domin dubu ɗari biyar ta bana da ta baɗi kusan kaya ɗaya suke sarowa. Daga 2023 zuwa yanzu ta karya mutane da yawa waɗanda ba su taɓa sayar da komai a kan faɗuwa ba.

Kowa ya san yadda abin ya faro. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano da Abuja cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta zarce 1,500 a farkon 2024. Kuɗin mota ya tashi, kayan da ake shigowa da su suka tashi, na gida suka bi sahu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Fassarar wannan a aljihu ita ce, wanda ya ajiye naira 100,000 a ƙarshen 2023, da ya ɗauko ta bayan shekara abin da za ta saya masa na wajen naira 74,000 ne na lokacin da ya ajiye.

A ɗauki misalin mace mai awon shinkafa. A ce ta saro buhu a kan 40,000, ta auna shi kwano-kwano cikin mako uku, ta tashi da 46,000. A lissafinta ta ci ribar 6,000, kuma halaliyarta ce: ta sayi sabulu, ta zuba adashi, ta yi wa yaro takalmi. Ta miƙa wa mai yi mata sari 40,000, sai ya dawo da labarin buhu ya koma 45,000. Ashe ribarta dubu ɗaya ce tal, ita ma kafin a cire kuɗin mota da na leda. Sauran dubu biyar ɗin da ta kashe iri ne ta daka ta yi tuwo da shi. Yanzu ko ta karɓi abin da bai cika buhu ba, ko dila ya cika mata bashi. A maimaita haka sau huɗu sau biyar, tiren da yake cin buhu ya dawo cin rabi, ciniki bai tsaya ba ko na rana ɗaya, kuɗi suna shiga hannu kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya a cikin gida. Miji ya ce ta cinye jari a biki da anko. Ita ta ce kambun baka ne, ko kuɗin zamanin nan ne ba su da albarka. Maigida a kasuwa ya fara kallon yaron shagonsa da idon zargi, domin kanta tana ramewa alhali littafi yana nuna riba. An ɓata zumunci, an sallami yara masu amana, a kan ɓarnar da babu hannun kowa a cikinta sai na lissafin da aka yi da ma'aunin da ke ƙanƙancewa.

Manomin da ya cinye iri ya san hukuncinsa: da bazara zai saya, lokacin da hatsi ya yi tsada, ko ya karɓi bashin da za a zare masa da kaka har da ƙari. Ɗan kasuwar da ya rasa jari haka yake komawa neman bashi a mafi munin lokaci. Domin yaƙi da hauhawar farashi Babban Banki ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, kuma wanda ya je bankin kasuwanci ya fi haka biya. Na manhajojin waya masu ba da bashin gaggawa kuwa ba a magana. Ga wanda yake gudun kuɗin ruwa saboda addini, wannan ƙofar ma a rufe take, sau da yawa sai dai dila ya ba shi kaya bashi a kan farashin da ya ga dama.

To a nan ne ake samun saɓani da masu saye. Mutum ya shigo shago ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai tsohon kaya ne, da tsohon kuɗi ka saro shi." Maganar tana da nauyi, domin shi ma mai sayen albashinsa bai motsa ba, mafi ƙarancin albashi sai a Yulin 2024 ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma mafi yawan mutane ba ma'aikatan gwamnati ba ne balle su gan shi. Duk da haka ni ina ganin ɗan tiredan da ya sayar da tsohon kaya a kan farashin da zai iya mayar da gurbinsa bai yi zalunci ba. Ko a wajen zakka, malamai suna cewa mai juya haja ya ƙiyasta kayansa da darajarsu ta ranar da shekara ta cika. Wanda ya yi laifi shi ne mai kulle sito ya hana kaya fita don yunwa ta ɗaga masa farashi. A kan irin wannan zargi ne hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau a Fabrairun 2024. Ware iri daban, ɓoye abinci daban, kuma kowane ɗan kasuwa ya san a zuciyarsa wanne yake yi.

Adalci kuma ya nemi a yi amfani da ma'aunin nan idan kasuwa ta juya. A 2025 farashin masara da shinkafa da gero ya sauko sosai a kasuwannin Arewa, waɗanda suka tara hatsi da tsada suka ji jiki, manoma suka koka domin taki bai sauko tare da amfanin gona ba. Wanda ya ƙara kuɗi jiya da hujjar sabon sari, yau da sari ya sauko ba shi da bakin cewa shi da tsada ya saro. Idan kuɗin da ke hannunsa za su mayar masa da buhunan da ya sayar, jarinsa yana nan ko da adadin nairar ya ragu.

Kada kuma labarin rediyo na saukar hauhawar farashi ya ruɗi kowa. A farkon 2025 hukumar ƙididdiga ta sauya shekarar da take gwaji da ita daga 2009 zuwa 2024, adadin watan Janairu ya dawo kashi 24.48, daga baya kuma ya ci gaba da sauka. Saukar wannan adadi na nufin gudun tashin farashi ya ragu. Sabulu da magani da kuɗin haya ba su koma inda suke a 2022 ba.

Gyaran ba ya buƙatar kwamfuta. Mai shago ya rubuta abin da shagonsa yake ci, kaya da sunansu da adadinsu. Kafin ya taɓa ko sisi da sunan riba, ya buga waya kasuwar Singa ko Kantin Kwari ko duk inda yake sari, ya ji farashin yau, ya ware kuɗin mayar da abin da ya fita. Abin da ya saura shi ne nasa. Cefanen gida ya yanka masa adadi sananne, ya daina zura hannu a aljihun tebur duk lokacin da aka aiko yaro. Bashin da yake bai wa maƙwabta kuma ya sa masa wa'adi gajere, domin dubu goman da aka biya bayan wata shida ba ta saro abin da aka karɓa.

Ku kuma masu bai wa matanku da ƙannenku da yaran shago jari, don Allah ranar lissafi ku zo da farashin sari na ranar da kuka ba da kuɗin da na ranar da kuke tambaya, ku ƙirga kayan da ke ƙasa tukuna, kafin ku ce wa wani ya ci amana.