Sabbin malaman lakwal: aiki tun watan Oktoba, albashi sai abin da hali ya yi

A duk shekara idan aka koma lakwal a watan Oktoba, akwai matasan da ke ɗaure katifa da buhun kaya bisa kabu-kabu su nufi ƙauyen da ba su taɓa jin sunansa ba sai a takardar da ta tura su. Su ne sabbin malamai, da yawansu fitowarsu ke nan daga makarantun horon malamai na ENI da ke Maradi, Damagaram, Tawa ko Doso. Ranar da suka isa, ranar suke ɗaukar alli. Amma kuɗin farko kan ɗauki watanni kafin ya shigo hannu, kuma a tsakanin nan wani ne daban ke ɗaukar nauyin da ya kamata baitulmali ya ɗauka.

Dalilin jinkirin yana cikin tafiyar takardu. Sabon malami sai ya samu shaidar kama aiki, wadda daraktan makaranta da sufeton yankin ke tabbatarwa. Daga nan dosiyensa ya wuce ofishin ilimi na jiha, sannan Yamai. Idan ɗan kwantiragi ne, sai sunansa ya shiga jerin waɗanda ake biya kuɗin wata da ake kira pekil. Idan kuma an ɗauke shi cikakken ma'aikacin gwamnati, hanyar ta fi tsawo: ma'aikatar ƙwadago ta ba shi lambar matirkil, sannan ma'aikatar kuɗi ta shigar da shi cikin tsarin albashi. Kowane tebur na da nasa layi.

Ƙaramin kuskure kan mayar da hannun agogo baya. A ƙasar da mutane da yawa ba su samu takardar haihuwa ba sai da suka girma ta hanyar kotu, ba abin mamaki ba ne a ga sunan mutum Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, ko shekarar haihuwa ta saɓa. Irin wannan dosiye ajiye shi ake yi gefe, kuma sau da yawa mai shi ba ya sani sai ya ga abokan karatunsa sun karɓa shi shiru.

A ƙauye kuwa, ciki ba ya jiran matirkil. Galibi maigari ko kwamitin iyaye na COGES ne ke sama wa “mushe” ɗakin kwana, wasu gidajen su riƙa aiko masa da hura ko tuwon dare. Mai shago ya buɗe masa shafi a littafin bashi: shinkafa, mai, sabulu, katin waya. Iyayen da suka yi ta ɗawainiyar karatunsa da fatan ya fara tallafa musu, su ne kuma ke aika masa ƴan kuɗi ta Nita ko Amana. Ga malama mace abin ya fi wuya, domin cin bashi a garin da ba ta da kowa na jawo maganganun da namiji ba ya fuskanta.

Akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Oktoba da Nuwamba lokacin kaka ne, lokacin da tiyar hatsi ta fi araha, kuma duk mai ƙaramin albashi ya san a nan ake sayen buhu a ajiye. Sabon malami na ganin wannan dama tana wuce shi. Kafin kuɗinsa su fito, farashi ya soma hawa. Idan daga baya aka biya shi bashin watannin a dunƙule, abin da malamai ke kira rafel, mutanen gari kan ɗauka ya yi arziki, alhali rabin kuɗin na mai shago ne tun kafin su zo. Ga ɗan kwantiragin firamare da aka daɗe ana biya jika 75 a wata, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba.

Yaran aji su ma suna biya. Malamin da ya ji shiru dole ya bi sawun dosiyensa. Zuwa babban birnin jiha kan ci kwana biyu ko uku, zuwa Yamai daga Maradi ya haura kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. A makarantar da malamai biyu ko uku ke riƙe da azuzuwa shida, tafiyar mutum ɗaya na nufin a haɗe yara ko a sallame su. Wasu kuma idan suka tafi ba su komowa: sun samu aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta, ko sun koma kasuwa. Makarantun da suka fi nisa da kwalta, waɗanda tsofaffin malamai ke gudu, su ne ake cikawa da sabbi, don haka su ne jinkirin ya fi bugu.

Matsalar ta daɗe. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta rungumi ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka koma ƴan kwantiragi, domin buɗe makarantu da yawa da kuɗi kaɗan, har suka zamo mafi rinjaye a firamare. Jarabawar tantancewa ta 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, ta nuna gwamnati na iya tara malamai dubbai a auna su cikin ƙanƙanin lokaci idan ta sa kanta. Ƙungiyoyin malamai irin su SNEN da SYNACEB sun sha shiga yajin aiki, kuma biyan pekil kan lokaci da ba da matirkil ba su cika ɓacewa daga jerin buƙatunsu ba.

Mahukunta na da hujjarsu: tantance takardu na hana biyan malaman bogi da masu takardun jabu, kuma kuɗin tsaro sun matse kasafi. Sai dai ana sanin yawan waɗanda za a ɗauka tun kafin a buɗe makarantu, kuma yawancinsu sun shafe lokacin horo a ENI, inda za a iya duba sunaye da takardun haihuwarsu a gyara kurakurai kafin a ba su takardar tafiya. Har ila yau ana iya ba sabon malami wani kaso tun watan farko, a cire idan albashi ya daidaita, maimakon a bar shi da littafin mai shago.