Yadda Masana Ke Gano Abin Da Hazo Ya Ɓoye

Kowa ya sani, in aka rufe bakin tocila da yatsu cikin dare, sai a ga sun yi ja wur, amma ba a ganin ƙashi. Haske kuwa ya ratsa. To, me ya ɓoye ƙashin?

Dalili shi ne, haske ba ya samun miƙaƙƙiyar hanya cikin tsoka, ko madara, ko hazo. Yakan yi ta karo da ƙananan ƙwayoyi, kowacce ta karkatar da shi, har ya fito a warwatse. Watau surar abin ba ta ɓace ba, cuɗewa ta yi. Aikin masana shi ne su warware ta.

Likitoci na cikin waɗanda suka fara matsa wa al'amarin. A 1929 wani likita a Amurka, Max Cutler, ya gwada haska nonon mata da fitila don neman ƙari, amma inuwar da ya samu dishi-dishi ce.

Dabarar da ta buɗe hanya ita ce auna lokaci. Haske yana tafiyar mil 186,000 a sakan ɗaya. Ɗan abin da ya wuce sak, bai yi karo ba, shi ke riga isowa, shi ne kuma ke ɗauke da sura sosai. Wanda ya yi kewaye sai daga baya. A 1991 Robert Alfano da abokan aikinsa a birnin New York suka yi amfani da wata ƙofa mai saurin rufewa, ta shigar da na farin ta tare sauran, suka ɗauki hoton abin da ke bayan gurɓataccen ruwa.

A 2007 kuma Vellekoop da Mosk, na Jami'ar Twente a ƙasar Holan, suka nuna ana iya daidaita haske tun kafin ya shiga, yadda warwatsuwar da kanta za ta tattara shi wuri guda. A 2018 masanan MIT suka gwada wata kamara cikin hazon da suka haɗa: ido ya tsaya a santimita 36, ita ta kai 57.

Amma fa da sauran aiki. Cikin jikin mutum hoto ba ya fita tangaran sai a zurfin milimita ɗaya ko biyu. Ƙasa da nan yakan dusashe. Duk da haka ribar ta fara samuwa, gama da irin wannan hikima likitocin ido ke duba can cikin ƙwayar ido yau ba tare da wuƙa ba. Malamin da ya ke so almajiransa su fahimta, kofin ruwa da ɗigon madara da tocila sun ishe shi.